Ya ce yana crushing a kaina, yau wata bakwai bai ƙara komai ba

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce shekarata 25, 'yar Zariya ce amma a Abuja nake bautar ƙasa. Akwai wani da muka haɗu tun a sansani aka kuma tura mu ma'aikata ɗaya, Bahaushe ne amma a Legas ya taso shi yasa yawancin hirarsa a waya da Turanci yake yi. Wata rana da daddare ya turo min "I have been crushing on you since camp". Na kwafa na saka a manhajar fassara ta ce min wai murƙushe ni yake, wallahi raina ya ɓaci har na yi kwana biyu ban kula shi ba, sai da ƙawata ta gani ta yi ta dariya ta ce ai sona yake. Tun daga ranar ya shiga raina. Yau wata bakwai kullum muna hira amma bai sake tayar da maganar ba. Ranar Laraba sai in ga ya ɗora hoton mace a sitatus ya rubuta WCW, wannan satin jarumar fim wani satin wata da ban sani ba. Na ji da kunnena ya ce wa wata abokiyar aikinmu "you are crushing it". Ranar da na yi jinkirin amsa masa kuma ya rubuto min "I'm crushed". Yanzu ga ɗan gwaggona yana so a turo manya, Baba ya ba ni zuwa bayan Babbar Sallah ko in fito da miji ko in amince da wannan. Anti tsakani da Allah me kalmar nan take nufi, so ne? In jira shi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma kafin komai kar ki ji kunyar fushin nan da kika yi da farko, manhajar ba ƙarya ta yi miki ba, asalin ma'anar kalmar kenan, kawai dai guda ɗaya ta ɗauko miki daga cikin tarin ma'anonin da take da su. Ke kuma a wata bakwai kin ji ta daga bakin mutum ɗaya har sau huɗu kowacce da inda ta dosa, dole kanki ya ɗaure. Bari mu fara da kalmar tukuna sannan mu zo kan abinda yake hana ki bacci, don na lura rabin damuwarki na fassara ne, ɗaya rabin kuma ko malamin Turanci na jami'a ba zai warware miki shi ba sai shi yaron da bakinsa.

A asali crush shine a danne abu da ƙarfi har ya fashe ko ya lotse ko ya zama gari. Abinda mu muke rarrabawa mu ce daka, niƙa, murƙushewa, matsewa, takewa, Bature da wannan kalmar guda yake iya faɗarsu duka. Su ma aro suka yi, daga tsohon Faransanci ta shigo musu tun wajen ƙarni na 14. In kina kallon girki a intanet kika ji an ce crushed garlic to dakakkiyar tafarnuwa ake nufi, crushed ice kuma ƙanƙarar da aka farfasa. Tunda a Abuja kike na san kin ji labarin wurin nan na Mpape da ake ce wa Crushed Rock inda matasa suke tururuwar zuwa ɗaukar hoto a bakin ruwa, ai tsohon wurin fasa dutse ne da aka bari ruwa ya cika shi. Ko wasan nan Candy Crush da ya fito a 2012 ya cinye wa mutane caji da lokaci, farfasa alawa ake yi a ciki ba wani abu ba.

Akwai wuri biyu da nake roƙonki ki riƙe wannan ma'anar ta asali ko bayan maganar saurayi ta wuce, saboda rai ne a ciki. Na farko a jikin kwalin magani, in kika ga an rubuta do not crush or chew ana nufin kar a daka kar a tauna. Mu kuwa mun saba in tsohuwa ta kasa haɗiyar ƙwaya sai a sa bayan cokali a murƙushe a dama mata a ruwa, ana ganin taimako aka yi. Wasu ƙwayoyin an yi su ne su riƙa sakin magani a hankali cikin awa 12 ko 24, irin waɗanda zaki ga SR ko XR a jikin sunansu, akwai su a cikin na hawan jini da na ciwon suga, in aka daka su maganin da ya kamata ya kai yini guda sai ya afka jini lokaci ɗaya, don haka kafin a daka kowace ƙwaya a tambayi likita ko mai famasi. Na biyu abinda likitoci suke kira crushing chest pain, ciwon ƙirjin da mutum zai ce ji yake kamar an ɗora masa buhun siminti, wani lokacin ya tafi hannun hagu ko wuya ko muƙamuƙi, ga gumi ga numfashi yana gagara. Wannan alamar bugun zuciya ce, ba a cewa olsa ce a sha madara a jira gari ya waye, asibiti ake nufa a take.

Haka in mutane suka matse juna a cinkoso har aka rasa rai crowd crush ake cewa, turmutsutsu kenan, irin na Mina ranar 24 ga Satumban 2015 da muka rasa alhazai da dama 'yan Najeriya da Nijar, har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf, Allah ya jiƙansu da rahama. Kinga kalma ce mai nauyi tun daga tushenta.

Daga wannan nauyin aka ɗauke ta aka kai kan abinda ido ba ya gani. Crushing defeat shine mummunan kaye, irin wanda Jamus ta yi wa Birazil 7 da 1 a gidan Birazil ɗin a gasar cin kofin duniya ta 2014, mu da sai mu ce an lallasa su ko an yi musu kaca-kaca. Crushing debt bashin da ya yi wa mutum katutu. Nan ne "I'm crushed" ɗin da ya rubuto miki ta fito, wato zuciyata ta karye, gwiwata ta yi sanyi. In an yi wa mutum rasuwa ko ya rasa aikin da ya sa wa rai ya faɗe ta, da gaske yake. In kuma don kin yi awa uku ba ki amsa saƙo ba ne to ƙarin gishiri ne irin na hira, kamar dai mu ce kin kashe ni da jira, kar ki ɗora ta a ma'auni.

"You are crushing it" kuwa ki cire ta daga ranki gaba ɗaya, yabon aiki ne, salon maganar Amurkawa ne da ya bazu a ofisoshi da intanet, ma'anarta kin ciri tuta, aikin nan kin gama da shi, kamar an ɗauki aikin abokin kokawa aka ce kin kayar da shi kin danne. Oga yana faɗa wa yaronsa, namiji yana faɗa wa namiji, babu ko ƙamshin soyayya a ciki. In kin fara ɗaure wa wannan baiwar Allah fuska a ofis don Allah ki saki, ba ta ci miki komai ba. Ki lura da 'yan ƙananan kalmomin da suke biyo baya, su suke juya akalar maganar. "I will crush you" barazana ce, zan murƙushe ki. Crushing it bajinta. Crushing on you kuma, da wannan 'yar on ɗin da manhajarki ta tsallake, ita ce taki.

Wannan ma'anar ba ta kai ta asalin tsufa ba, daga Amurka ta fito a ƙarshen ƙarni na 19, misali mafi daɗewa da masu ƙamus suke kawowa daga littafin da wata budurwa take rubuta sirrinta ne a shekarar 1884, inda take ba da labarin wata tana kuka saboda crush ɗinta ya tafi. Kafin ita akwai mash da matasan lokacin suke faɗa a kan irin wannan, ita ma asalinta murƙushe abu ne kamar yadda ake yi wa dafaffen dankali, shi yasa wasu masana harshe suke ganin ɗaya ce ta haifi ɗaya. Ma'anarta son da ya faɗo wa mutum ba shiri, mai zafi, yawanci a ɓoye, sau da yawa wanda ake yi dominsa ma bai sani ba. Ki duba manyan ƙamus na Turanci zaki ga in sun zo fassara ta sai sun haɗa da cewa abu ne mai ƙarfi amma ba ya cika daɗewa, ba ni na ƙara wannan ba, masu harshen ne suka sa. Shi yasa Bature zai ce celebrity crush a kan mawaƙiya ko ɗan ƙwallon da bai taɓa gani ido da ido ba, mace ta ce girl crush a kan wata mace da take burge ta da ado ko ilimi ba tare da wata manufa ba, kuma mutum ɗaya zai iya samun crush uku lokaci guda ba wanda zai ce ya ci amanar wani tunda ba a ƙulla komai da kowa ba.

WCW ɗin Laraba ma 'yar gidan ce, Woman Crush Wednesday, tana da ɗan'uwa na Litinin MCM, Man Crush Monday, wasa ne da ya taso a Twitter da Instagram shekara goma sha da suka wuce, mutum ya ɗora hoton wadda ta burge shi a satin. Wasu matarsu suke sawa, wasu ƙanwa, wasu ma mahaifiya, don haka ita kaɗai ba hujja ba ce cewa yana neman wata. Amma akwai abinda take nuna miki kuma ba zan ɓoye miki ba, kalmar da ya ba ki wadda kika adana wata bakwai kina juyawa ita ce dai yake rabawa duk Laraba kyauta, yana sane kuma kina ganin sitatus ɗin. Ba lallai mugunta ce ba, amma a bakinsa kalmar ba ta da tsada.

Mu a Hausa abin hawa-hawa ne. Akwai ta burge ni, akwai ta kwanta min a rai, sai so, sai ƙauna da ake cewa ta fi so zurfi, sai bege in an yi nisa da juna. Crush tana tsakanin burgewa da so ne, ta wuce ta farko ba ta ƙarasa ta biyu ba. In kina neman abinda ya fi kama da ita a wurinmu to na gani ina so ne, amma dubi yadda iyayenmu suka yi da wannan maganar, ba su bar ta a fatar baki ba, sai suka ɗaura mata kuɗi suka ce kuɗin na gani ina so, a samu manya su sa riga su taka har gidan su yarinya, a yi sallama a zauna a faɗa, daga ranar kowa a gidan ya san wane yana ciki. Ganin ɗaya ne, son ma ɗaya ne, bambancin shine an aiko. Crush ita ce na gani ina so ɗin da ba a aiko kowa ba. Tana gaya miki abinda yake ji a ransa, kuma zai iya yiwuwa da gaske yana ji, amma ba ta ce komai a kan abinda ya yi niyyar yi ba. Ko jimlar tasa ki duba, have been crushing since camp, cewa ta yi abin ya fara tun sansani yana nan har daren da ya rubuto, iyakarta kenan, ba ta taɓo gobe ba.

Na daɗe ina lura da dalilin da yasa samarinmu suke gudu zuwa Turanci in an zo wannan gaɓar, har waɗanda ba a Legas suka taso ba. Ina sonki da Hausa tana da nauyi, in ka faɗe ta ka san tambayar da take biye, to yaushe zaka turo. Crush kuwa tana bar wa mutum hanyar zillewa, in yarinya ta ɓata rai sai a ce haba wasa fa nake, in ta yi murmushi an samu shiga a ɓagas. Akwai masu amfani da ita don yaudara, su riƙe yarinya shekara biyu da hirar dare masu nemanta na gaske suna wucewa. Akwai kuma wanda kunya ce da tsoro, ya duba alawinsa na naira dubu 77, ya duba kuɗin lefe da na haya, ya duba bai san inda zai samu aiki ba in an gama, sai ya ga in ya ce ina sonki ya ɗauki alkawarin da ba shi da abin cikawa, sai ya faɗi rabin maganar ya haɗiye rabi. Su biyun nan a waya kamarsu ɗaya saƙonsu iri ɗaya, tambaya ce kawai take raba su.

Kuma akwai abinda na nema a saƙonki ban gani ba, me kika amsa masa? Yadda kika ba da labarin, ya cire kunya ya faɗi abinda ke ransa, ya samu shiru na kwana biyu, daga baya aka dawo hira kamar ba a yi ba. Ke kin san dalilin shirun, fassara ce ta rikita ki, shi bai sani ba. Zai iya ɗauka amsar kenan, an ƙi shi cikin mutunci, sai ya ja bakinsa don kar ya rasa hirar ma. Zai yiwu wata bakwai ɗin nan ku biyun kowa jiran ɗan'uwansa yake. Wannan kaɗai ya isa in ce kar ki yanke masa hukunci kafin ki ji ta bakinsa.

Sannan ƙanwata ki yi haƙuri in taɓo naki ɓangaren, ke ma fa abinda yake damunki sunansa crush. Da bakinki kika ce tun ranar da ƙawarki ta fassara miki ya shiga ranki, wato kafin nan kina ganinsa kullum bai shiga ba, jin cewa yana sonki ne ya buɗe ƙofar. Wata masaniyar halayyar ɗan adam Ba'amurkiya, Dorothy Tennov, ta yi nazarin wannan yanayin har ta kira shi limerence a littafinta na 1979, mutum ya kasa cire wani daga tunaninsa, yana neman ma'ana a kowane saƙo da kowane shiru, kuma abinda ta lura shine rashin tabbas ne yake ciyar da shi, yau a sa maka rai gobe a janye. Duba yadda kika haddace maganganunsa harafi da harafi. Ba laifi ba ne zuciya ce, amma ki zauna ki tambayi kanki me kika sani game da shi banda hira. Sunan mahaifinsa da asalin garinsu, yaya yake in ransa ya ɓaci, yaya yake da sallah in ba wanda yake kallonsa, in ya ci bashi yana biya, mahaifiyarsa ta taɓa jin sunanki? In yawancin amsar ban sani ba ce to wanda kike so ɗin rabinsa ke kika ƙera shi a ranki, daga nesa kuwa ake yi wa rogo kallon kitse.

Shawarata ki tambaye shi, cikin satin nan ba bayan Sallah ba. Kar ki yi a rubuce da tsakar dare inda zai samu awa guda yana gogewa yana sake rubutawa ko ya turo miki hoton dariya ya wuce, ki yi da baki da rana, in an tashi daga aiki a wurin da mutane suke, kuma ki yi da Hausa. Na nace a kan Hausar saboda a cikinta babu lungun da zai ɓuya, ke ma ba sai kin koma neman mai fassara ba. Ba sai kin zubar da ajinki ba magana ce gajera, ki ce masa maganar da ka faɗa min kwanakin baya a lokacin ban gane ta ba shi yasa na yi shiru, daga baya na gane kuma ban ƙi ba, amma a gida an ba ni zuwa bayan Sallah, in da aure a ranka ga lambar yayana ka kira shi, in kuma babu ka faɗa min gaskiya ba zan riƙe ka a rai ba. Shikenan ki ja bakinki ki bar shi ya yi magana, kar ki ba shi haƙuri a kan tambayar. In kin ga ba zaki iya faɗa masa ido da ido ba ki tura ƙawar nan taki ko wata babba da yake jin nauyinta. Mace ta nemi sanin matsayinta ba rashin kunya ba ne, Nana Khadija Allah ya ƙara mata yarda ita ta aika aka yi wa Annabi SAW maganar aurenta.

Amsar tasa ba zata yi miki wuyar ganewa ba. Wanda yake da niyya ko ba shi da sisi zaki ji sunan mutum da lokaci a bakinsa, zan gaya wa Hajiyarmu a satin nan, kawuna zai zo ya gabatar da ni, ba ni da halin biki yanzu amma a ba ni shekara. Wannan magana ce da za a iya kai wa Baba shi kuma ya ga ko zai jira. Wanda ba shi da niyya zaki ji "let's see how it goes", ko kina matsa min, ko mu bar wa Allah ba tare da ya ce ga takun da shi zai yi ba, ko ya dawo miki da kalmar nan ya ce ai kin san ke crush ɗina ce. In ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani ki ba shi sati biyu ya isa, wanda ya yi wata bakwai yana hira dake kullum ba yau zai fara tunanin ko zai iya zama dake ba.

Dalilin gaggawar ba wa'adin Baba kaɗai ba ne. Annabi SAW ya hana mutum ya nemi aure a kan neman ɗan'uwansa, da zarar manyan ɗan gwaggonki sun zo an amsa musu to ƙofa ta rufe wa wancan, ke kuma in kika zo kina janyewa bayan an amsa, tsakanin Baba da 'yar'uwarsa ne zai tsage, irin wannan ɓarakar kuwa tana kai shekaru ba ta ɗinku ba. Don haka ki samu Mama tun yanzu ki gaya mata akwai wani amma ba ki tabbatar ba, a ɗan dakata da turo manyan har ki ji. Shi kuma ɗan gwaggon naki kar ki mayar da shi na ko-ta-kwana, kar kuma ki karɓe shi don huce haushi in wancan ya ba ki kunya, mutum ne da ya biyo ta ƙofa ya cancanci a dube shi don kansa. Ki ba shi dama ya zo zance ku yi magana ta hankali, ki yi istihara da kanki raka'a biyu da addu'arta ba sai kin ba wani ya yi miki ba. Kuma ko wanne ne a cikinsu a yi gwajin jini kafin a sa rana, balle na gida, in ku biyun AS ne kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. In kika duba kika ga shi ma bai kwanta miki ba ki faɗa wa Mama da wuri, rashin samun na farko ba ya wajabta miki na biyu.

In amsar ta zo ba yadda kike so ba zai yi ciwo, ba zan ce miki ba zai yi ba, ranar zaki gane abinda Bature yake nufi da crushed ta gaske, ki yi kukanki ba laifi. Amma ki yanke hirar daren, ki rufe sitatus ɗinsa ki daina jiran Laraba, a ofis gaisuwa da maganar aiki, 'yan watanni ne suka rage ku karɓi takardarku kowa ya kama hanyar garinsu, irin wannan son in aka daina ba shi abinci da kansa yake lafawa. In kuma ya ce ga ranar da kawunsa zai zo to alhamdulillah, sai ki sa yayanki ya fara bincike a wurin waɗanda suka san gidansu a Legas.

Ki rubuto min bayan kun yi maganar, ki kawo min amsar tasa yadda ya faɗe ta kalma da kalma, ko da ya sake gudu zuwa Turancin, mu duba ta tare. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.